Zuwa ga Mai Alfarma Sarkin Musulmi: Hanyar da Labarin Wata Yake Bi, a Bar Labarin Ruwa Ya Bi Ta

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya ja zamanin Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ranka ya daɗe, ni malamin firamare ne a ƙasar Haɗeja. Ina kuma cikin kwamitin masallacin unguwarmu, inda aikina bai wuce ƙirga abin da aka tara ran Juma'a da sayo batirin lasifika ba. Na san tsakanina da fadar Sakkwato akwai dagaci da hakimi da sarki, kuma ta hannunsu ya kamata maganata ta bi. A gafarce ni da na tsallake. Zancen ruwa na kawo, shi kuwa ruwa ba ya jira a yi masa iso.

Daren 29 ga Sha'aban babu mai kwanciya a garinmu sai an ji daga Sakkwato. Kwamitin ganin wata ya tattara shaidu, Sarki ya yi magana, kafin dare ya raba labari ya kai rugar da ko sabis ɗin waya babu. Rediyo ya faɗa, hakimi ya kira dagaci, dagaci ya aika wa liman, ladan ya hau lasifika, tsohuwa ta tashi ta ɗora tukunyar sahur. Ban san wata ma'aikata a Najeriya da ke iya isar da magana guda ga miliyoyin mutane cikin dare ɗaya, su kuma yi aiki da ita kafin asuba, ba.

To, kowace shekara kafin damina hukumar NiMet tana fitar da hasashen yanayi: yaushe ruwa zai kankama a kowane yanki, yaushe zai ɗauke, ina ake tsoron ya yi tsaiko bayan an yi shuka. Hukumar NIHSA kuma tana jera ƙananan hukumomin da ambaliya ta fi yi wa barazana. A taru a wani babban zaure a Abuja, a yi jawabai, a ɗauki hoto. Manomin da ya ci bashi ya sayi iri ba ya cikin zauren. Ruwan farko ya sauka, ya zuba irinsa, sama ta yi shiru mako uku, shuka ta ƙone. Takardar da za ta ce masa ya dakata tana nan cikin kwamfutar wani.

Roƙona shi ne a ɗaura waɗannan abubuwa biyu aure. Labarin ruwa ya bi hanyar da labarin wata yake bi.

Na ga abin da lasifika ke iya yi a daminar 2022. Wajen ƙarfe biyu na dare muka ji muryar ladaninmu, ba kiran salla ba: "Jama'a, jinga ta ɓalle ta gabas! Mai buhu ya fito da buhu, mai shebur ya fito da shebur!" Kafin a ce me, hanya ta cika. Samarin da ba sa bin juna salla, wannan ɗan Izala wancan ɗan ɗariƙa, ga su cikin ruwa har ƙugu suna miƙa wa juna buhun ƙasa. Wani Kirista mai shagon magani ya kwaso buhunan da ke ɗakin ajiyarsa, ya tsaya yana haska mana tocila har gari ya waye. Unguwa ta tsira, gonakin fadama suka tafi. Abin da ke cina har yau shi ne, sai da ruwa ya zo bakin ƙofa sannan lasifikar ta yi magana. Da wata uku kafin nan ta yi, da an ɗaga jingar da rana tsaka, an kuma yi gayyar cire kacalla daga bakin kogi tun ruwa bai taho ba.

A shekarar ta 2022 mutum fiye da 600 suka rasu a ambaliya a faɗin ƙasa, fiye da miliyan ɗaya suka bar gidajensu. Ranar 10 ga Satumban 2024 ruwan madatsar Alau ya shiga Maiduguri, bai bar fadar Shehu ba, bai bar asibitin koyarwa ba. A watan nan dai tsohon masallacin ƙasa na Damagaram, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19, ruwan sama ya kai shi ƙasa. A ƙarshen Mayun 2025 aka wayi gari da ambaliyar Mokwa. A Hajjin 2024 kuwa zafi ne ya yi ɓarna, alhazai fiye da 1,300 ba su koma gida ba. Ba na cewa duk sauyin yanayi ne kaɗai. Akwai sakaci, akwai madatsar da ba a gyara ba, akwai filin da aka yanka a kan hanyar ruwa. Amma duk dattijon da ka tambaya zai ce maka damina ta canza hali. Ruwan wata guda sai ya zubo a dare ɗaya, sannan a yi ta kallon sama.

Akwai tarnaƙi biyu a kan mumbari, kuma Sarki ne kaɗai nake ganin zai iya kwance su.

Na farko, wasu malamanmu suna ɗaukar hasashen yanayi kamar duba ne, shiga gaibu. Na taɓa kai wa wani liman takardar hasashen yankinmu, ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Malam, ruwa na Allah ne," ya sa ta ƙarƙashin buzu. Gaskiya ya faɗa, ruwa na Allah ne. Amma in hadari ya haɗo daga gabas, manomi ya ce a kwashe shanya, ba wanda ke kiransa boka. Na'ura ta fi idonsa hangen nesa ne kawai, kuma ita ma takan yi kuskure. Annabi Yusuf, alaihis salam, da ya san shekara bakwai na fari suna tafe, rumbu ya sa aka cika. Sayyidina Umar da ya juya daga Sham saboda annoba, aka ce masa gudun ƙaddara yake yi, ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah ake gudu zuwa ƙaddarar Allah. Limaminmu ya fi ni sanin duk wannan. Abin da yake jira shi ne ya ji daga sama da shi cewa karanta takardar nan bayan huɗuba ba laifi ba ne.

Ranka ya daɗe, ka taɓa kwance irin wannan ƙulli. A 2003 aka juya wa rigakafin shan inna baya a wasu jihohin Arewa, zargi ya cika gari. Likitoci sun yi bayani har sun gaji. Sai da sarakuna suka shigo a ƙarƙashin jagorancinka daga 2009, aka ga sarki da rawaninsa yana ɗiga wa yaro maganin a baki, sannan ƙofofi suka buɗe. A Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji. Hanyar nan ba ta toshe ba.

Tarnaƙi na biyu ya fi wuyar faɗa. In ruwa ya ci gari, huɗubar Juma'a mai zuwa kusan ka san ta tun ba a fara ba: zunubanmu ne, a tuba. Za a jawo ayar Suratur Rum cewa ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata. Daga nan sai lissafi ya tsaya a kan caca da shaye-shaye da shigar 'yan mata. Ban musa ba. Amma hannun da ya juye shara da ledar fiya wata a cikin kwata fa? Hannun da ya sa wa takardar fili hannu alhali ya san mashigar ruwa ce? Hannun da ke loda tirela da gawayi daga dajin da kakanninmu suka bar mana? Waɗannan hannayen suna sahun gaba, wani lokaci su ne ma suka sayi kafet ɗin masallacin, shi ya sa ba a cika ambatonsu ba. Akwai kuma manyan hannaye can nesa, a masana'antun Turai da Amurka da Sin. Duk Afirka kason hayaƙin da take fitarwa bai wuce huɗu cikin ɗari ba. Matar da ɗakinta ya rufta ta cancanci ta ji wannan daga bakin liman, kada ta koma gida tana zaton ita ta jawo wa 'ya'yanta.

Kuma don Allah kada wa'azin ya sauka a kan mai girki da itace. Ba son hayaƙi take yi ba, gas ne ya fi ƙarfin mijinta. In za a yi faɗa, a yi da mai tirela.

Bari in faɗi namu laifin. Wata shekara aka kawo mana dashen dogon yaro, muka jera su kewaye da masallaci, aka yi addu'a, aka watse. Kafin kaka awaki sun gama da su. Uku kaɗai suka rayu, kuma ba dabararmu ba ce: suna bakin wurin alwala ne, ruwan butoci yana gangara musu sau biyar a rana, wani tsoho da ke zama a wurin yana korar awaki da sandarsa. Yanzu a inuwarsu almajirai ke karatun hantsi. Tun daga nan na daina yarda da bikin dashen itace. Itace mai shi yake so, wanda za a tambaya in ya mutu. Masallacin Juma'a nawa ne a ƙasar nan, kowanne da ruwan alwala da ke malala a titi yana tara sauro? Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da mudu guda yake alwala; mu kuwa famfo muke sakewa muna hira. In ba mu iya rage ruwan ba, aƙalla a haƙa masa 'yar hanya zuwa gindin bishiya.

Ko da dashe ma ba lallai ba ne. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram tun shekarun 1980 suka koma barin kututturen da ya yi toho a gona, su rage rassa su bar mai ƙarfi ya tashi. Wani ɗan mishan daga Ostireliya, Tony Rinaudo, yana cikin waɗanda suka yaɗa dabarar, manoma Musulmi suka ɗauka suka kai ta inda bai yi zato ba. Yau ana maganar hekta miliyan 5 da ta sake yin itatuwa, yawanci gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya kuma ba dabba abinci da rani. Mu nan ka duba da kyau, wurin da manyan itatuwa suka rage a yawancin garuruwanmu maƙabarta ce, don nan ne kaɗai gatari yake jin kunya. Ashe in mutane suka ɗauki wuri da alfarma ba sai an sa masa ɗan sanda ba. Kalmar hurumi tana bakinmu tun zamanin Shehu. Filin idi da harabar makarantun allo da burtali, in sarki da liman suka ce hurumi ne, mai sara zai yi tunani sau biyu.

Ba na so maganar ta tsaya a masallaci. Kai ne shugaban Jama'atu Nasril Islam da Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci, kuma kai da shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN kuke jagorantar NIREC, majalisar haɗin kan addinai ta ƙasa. An saba jin muryarku tare in rikici ya tashi ko zaɓe ya matso. A 2015 Fafaroma Francis ya rubuta wa mabiyansa doguwar wasiƙa a kan muhalli, a shekarar nan kuma malaman Musulunci suka fitar da tasu sanarwar a Istanbul, don haka ba wanda zai ce an kawo masa baƙon abu. Takardar da liman zai karanta ran Juma'a, fasto ya karanta irinta ran Lahadi. Mai shagon maganin nan da ya haska mana tocila, shi ma gidansa a bakin jingar yake.

Abin da nake roƙo bai kai girman taron ƙasa ba, kuma ina tsoron a mai da shi taron. Shafi ɗaya ne. A ce wa NiMet da NIHSA su kawo hasashen kowace masarauta a taƙaice, a juya shi da Hausa da Fulatanci da Barbarci, da boko da ajami, ya fito da hatimin fada kafin ruwan farko. Ya bi ta sarakuna zuwa hakimai zuwa limamai, a karanta Juma'a biyu a jere, a sa ranar gayyar yashe magudanai a ƙarshensa. In an samu labarin za a saki ruwa daga madatsar Tiga ko ta Challawa, ya iso mana ta wannan hanyar a daren, kamar yadda labarin wata yake isowa. Ranar da aka fita roƙon ruwa, mu fita da yara da tsofaffi kamar yadda muka gada, mu juya riguna, mu yi kuka ga Allah. Liman ya sallame mu da sanarwar inda za a haɗu gobe da shebur.

Na sayo sabon batiri a makon jiya, ladan ya gwada, ana jin sa har bakin kogi.

Allah ya taimaki Sarkin Musulmi. Wassalam.

Talakanka,
wani malamin makaranta daga ƙasar Haɗeja, Jihar Jigawa.