A Sauya Kyamara Kafin a Yanke wa Ƙwallon Gora Hukunci

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki. Ina bin shirinku na wasanni ta intanet daga nan Winnipeg, ƙasar Kanada. A shirin da kuka yi kan wasannin kwamfuta, baƙonku ya ce ya gwada ƙwallon gora ta ƙanƙara ya ajiye, domin a cewarsa ba a ganin abin da ake bugawa, sai dai mutane suna ta sulu da sanduna. Maganar ta tsaya mini a rai, don na tabbata matasa da yawa za su ji su haƙura tun ba su taɓa ba. Malam ya faɗi gaskiyar abin da ya gani, amma inda ya ajiye kyamararsa ne ya jawo masa.

Abin da ake bugawa ɗin baƙin faifan roba ne, faɗinsa inci 3, kaurinsa inci 1, kamar dai gwangwanin man goge takalmi. Filin da ake wasa a NHL, babbar gasar wannan wasa ta Amurka da Kanada, kuwa tsawonsa ƙafa 200, faɗinsa ƙafa 85. Ga kuma gudu: a 2012 ɗan wasa Zdeno Chara ya buga faifan nan ya yi gudun mil 108.8 a awa, wato kusan kilomita 175. Ko masu kallo a talabijin sun daɗe suna kuka da shi, musamman idan ya bi gindin katangar da ke kusa da kyamara ya ɓuya. Har ta kai a 1996 tashar Fox ta Amurka ta sa na'ura a cikin faifan, yana fitowa a allo da shuɗin haske kewaye da shi, idan an buga da ƙarfi kuma ya ja jan wutsiya. Tsofaffin masoya wasan ba su so abin ba, aka daina a 1998. Ke nan ba Malam ne farau ba.

Mu da ƙwallon ƙafa muka tashi. A gidajen gem namu na Kano, FIFA da PES ake yi, kyamara tana gefe kamar ta talabijin, raga ɗaya a dama ɗaya a hagu. Idonmu ya saba da haka, shi ya sa duk wanda ya buɗe wasan NHL na kamfanin EA sai hannunsa ya nufi kyamarar da aka rubuta wa Broadcast. Ni ma ita na fara da ita. Ta fi kowace kyau, ba musu: kana ganin 'yan kallo da fitilu, kamar ana nuna wasan Jets, ƙungiyarmu ta Winnipeg, kai tsaye. Sai dai ta gefe ba ka iya auna nisa. 'Yan wasa huɗu su cukuikuye a kusurwar can nesa, jiki ya rufe jiki, faifan yana tsakanin ƙafafunsu, kai kuma kana ta danna maɓalli a makance.

Ɗana mai shekara goma sha ɗaya, wanda a nan ya koyi sulu kan ƙanƙara, shi ya warware mini. Wata Asabar muna zaune, alƙali ya hura mini satar gida sau uku a jere. A wannan wasan dole faifai ya riga ɗan wasa tsallake shuɗin layi, ni kuwa ban ma ga abokin wasana ya wuce layin ba, don allon bai kai gare shi ba. Yaron ya ce, "Baba, kawo ka gani." Ya shiga wajen saiti ya mayar da kyamarar Overhead, wadda ke kallon fili daga sama, raga ɗaya a saman allo ɗaya a ƙasa. Nan take filin ya buɗe. Baƙin ɗigo a kan farar ƙanƙara, babu abin da ya tare shi. Na ga masu tsaron bayana biyu sun tsaya a kan layi suna jira, na ga gibin da zan zura faifan. Ashe duk suna nan tun ɗazu.

Wannan tsari na sama da ƙasa ba sabo ba ne. Wasannin Ice Hockey na Nintendo da Blades of Steel na Konami, na wajen 1988, ta gefe suke nuna fili. Da EA ta fito da nata a 1991 a kan na'urar gem ta Sega Genesis sai ta miƙar da filin tsaye, kuma a haka aka yi NHL '94, wanda har gobe manya a nan suke yabo. Hikimar a fili take. Filin dogo ne siriri, idan ka kalle shi ta tsawonsa faɗinsa duka yana gabanka, kana fuskantar raga kamar yadda ɗan wasa ke fuskantarta.

Ba zan ɓoye aibinta ba. Daga sama 'yan wasa suna zama ƙanana, kuma idan allonka ƙarami ne ko idonka ya fara rauni, za ka gaji da wuri. Ni da tabarau nake gani, don haka na koma kan wadda ake kira Zone. Ta ɗan sauko, amma har yanzu tana nuna mini kowa idan muka shiga yankin abokan gaba. Ɗana yana nan kan Overhead ɗinsa, ya ce shi cin wasa ya zo yi. Akwai kuma zaɓin da zai sa kullum ka riƙa kai hari zuwa sama, wanda ke taimaka wa sabon shiga ƙwarai, domin kai hari zuwa ƙasa yana rikita hannu. Idan mu biyu ne a allo ɗaya dole wani ya gangara, sai mu riƙa karɓa-karɓa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, Edita, shi ne yaranmu da ke tasowa a ƙasashen sanyi. Wannan wasa shi ne hirar 'yan ajinsu. Uban da ya gane dokokinsa ta hanyar gem zai iya zama da ɗansa su kalli wasa na gaske, su yi musu a kai da Hausa. Ni ta haka na samu, kuma ba na so wani uba ya rasa wannan saboda saitin da ba ya cin minti ɗaya.

Ina roƙon ku sake gayyato Malam. Ya buga zango ɗaya da kyamarar gefe, ɗaya da Overhead, na ukun da Zone, sannan ya faɗa wa masu sauraro a wanne ya fi ganin faifan. Zan kasa kunne.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku mai sauraro,
daga Winnipeg, Kanada