Sanarwa kan gyara kuskure a reshen da muke tarayya

Assalamu alaikum, ƴan uwa masu aikin manhajar rajistar manoman Ɗambatta.

A makon jiya wani daga cikinmu ya so ya janye kuskurensa, sai ya yi git reset, umarnin da ke mayar da tarihin aiki baya a git (manhajar da ke adana tarihin canje-canjen aikinmu), ya kuma tura da ƙarfi zuwa reshen main, wato babban layin aikin da dukanmu muke tarayya a kai, inda aikin kwana biyu na abokan aikinsa ya ɓace daga GitHub, uwar garken da muke ajiye aikin a intanet. Ba za mu kama suna ba, domin kowa yana iya faɗawa wannan rami.

Daga yau, duk canjin da ya riga ya hau reshen tarayya, da git revert za a warware shi, saboda wannan umarni ba ya goge tarihi, sabon canji yake ƙarawa wanda ke soke na baya, don haka kwafin da ke kwamfutar kowa ba zai saɓa da na uwar garke ba. Idan haɗakar reshe ce ake sokewa, a ƙara -m 1 a cikin umarnin revert ɗin. Amma reset da rebase, masu sake rubuta tarihi, a bar su ga abin da mutum bai tura ba tukuna.

Wanda aikinsa ya ɓace kada ya firgita, ya duba git reflog, kundin da git ke ajiyewa a kwamfutar kowa na matakan da aikinsa ya bi a baya, wanda a bisa tsarin asali yake riƙe irin wannan tarihi har kwana 30. Da shi muka ceto namu.

Idan kuwa kalmar sirri ce ta shiga cikin abin da aka tura, revert ba zai ɓoye ta ba. A sauya ta nan take, a kuma sanar da rukuni ko da tsakar dare ne.