Mutumina, neman gida ya sa ni gaba

Assalamu alaikum mutumina,

Kwana biyu shiru, kai ba ka kira ba ni ma ban kira ba, to na gaji da jiran wanda zai fara. Ya iyali, ya aiki? Tumbin nan yana nan ko ka samu ka rage shi?

Labari dai shi ne mai gidanmu ya ƙara kuɗin haya, wai kowa a layin ya ƙara, tun daga nan muke ta yawo da dillalai. Abin da ya ɗaure min kai, gida iri ɗaya ɗakuna iri ɗaya, amma na kusa da wurin aiki kuɗinsa ya yi wa na bayan gari nisa sosai. Madam ta ce mu kama na nesan mu huta, na ce mata ki lissafa kuɗin mota na kullum da awannin da zan ɓata a cunkoso, sai ki ga arahar ta gudu. Ƙanena ɗan boko ya ji muna musu ya sa baki, wai wani Ba'amurke William Alonso ya rubuta wannan tun 1964, cewa masu neman gida gasar tayi suke yi a kan kusanci, wanda ya matsa nesa hayarsa ta sauka kuɗin hanyarsa ya hau. Wai kafin shi ma wani Bajamushe von Thünen ya faɗi haka kan gonaki da kasuwa a 1826. Na ce to su taso su biya mana.

Kuma ba nisa kaɗai ba ne fa. Makaranta mai kyau, ruwa, wuta, tsaro, duk suna cikin kuɗin hayar, ba a rubuta su a takarda amma kana biya. Unguwa ta samu titi yau, gobe masu gidaje sun farka. Mutane na ƙaruwa, fili a inda kowa ke so ba ya ƙaruwa, gini kuma ba a gama shi dare ɗaya, to me zai hana farashi tashi?

Yanzu kuma Madam ta sauya, wai kusa da yayarta take so saboda rainon yara. Wannan kam ban yi gardama ba, yana rage mana kashe kuɗi fiye da yadda kake zato.

Af, ka ji mutumin nan naka ya samu ƙarin girma? Shi ma gida yake nema, dillalinmu ɗaya, kuma ina zargin shi ya yi min shigar sauri a wanda na fi so.

Kai da ka tashi bara ya ka yi ka zaɓa? Ka kira ni, kar ka turo min saƙon murya mai tsawon nan naka. Ka gaida mutanen gida.

Naka