Bindigogin da na fi so, da abin da ya sa nake son su

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana kan abin da ba kasafai ake tattauna shi da natsuwa ba. Kusan duk lokacin da aka ambaci bindiga a labarai, AK-47 ce, kuma a hannun ɓatagari take, har ta kai mutane suna auna darajar bindiga da yawan harsashin da take fesawa. Ni maharbi ne, duk abin da na mallaka da lasisi na mallake shi, a inda doka ta yarda. A wurina bindigar kirki ita ce wadda ka san abin da za ta yi tun kafin yatsanka ya kai ga kunama.

Shi ya sa Mauser 98 ce kan gaba a zuciyata. Paul Mauser ne ya fitar da ita a garin Oberndorf na Jamus, sojojin ƙasar suka karɓe ta a 1898. Bindiga ce mai sakata, harsashi 5 take ɗauka, kowane harbi sai ka ɗaga sakatar da hannunka, ka ja baya, ka tura. Sirrinta yana ga wata doguwar ƙugiya da ke gefen sakatar. Da zarar harsashi ya taso daga gidansa, ƙugiyar nan za ta cafke gindinsa, ba za ta sake shi ba har ya shiga bututu, har kwanson ya fito bayan harbi. Ko hannunka ya yi rawa ka ja sakata daga rabin hanya, harsashin zai biyo ta ya fita, biyu ba za su cushe wuri ɗaya ba. Wanda ya taɓa tsayawa gaban dabbar da ta ji rauni ya san amfanin wannan. Mauser ya kuma yi tunanin ranar da kwanso zai fashe a ciki: ya huda ramuka a jikin sakatar domin iskar albarushi ta samu mafita, ya sa kariya a bayanta don kada ta bugi idon mai harbi, ya ƙara haƙorin kulle sakata na uku a baya ko da biyun gaba sun karye. Tawa tana cin harsashin 7x57, wanda ba ya tokarin kafaɗa da yawa, kuma ya ishi kowace barewa.

Ba ni kaɗai na ga haka ba. Da Amurka ta ƙera Springfield ta 1903, kamar ta yi yawa har sai da ta biya kamfanin Mauser kuɗin haƙƙin ƙira. Kamfanin Winchester ma ya ɗauki ƙugiyar ya sa a Model 70 tun 1936. Da suka cire ta a 1964 don rage tsadar aiki, maharba suka yi ta ƙorafi, har aka dawo da ita daga baya.

Abokaina masu son Lee-Enfield ta Ingila za su ce tasu ta fi sauri, kuma harsashi 10 take ɗauka. Gaskiya ne, sakatarta santsi gare ta. Amma harsashin .303 yana da leɓe a gindi, in ba ka jera shi daidai ba leɓen na sama ya maƙale a bayan na ƙasa. Ina girmama ta, sai dai ba ita nake ɗauka ba.

Wadda na fi harbawa kuwa ita ce mafi ƙanƙanta, CZ 452 ƙirar ƙasar Cek, mai cin harsashin .22 LR, harsashin da ake yi tun 1887. Duk wanda ya fara koyo da babbar bindiga, ƙara da tokari sukan koya masa runtse ido da fizgar kunama, kuma wannan ɗabi'a tana da wuyar fita. Ita .22 ba ta firgita kowa, saboda haka mutum yakan koyi riƙe numfashi da matsa kunama a hankali. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sai dai ina gargaɗi da babbar murya, kada ƙanƙantarta ta ruɗi kowa. Harsashin nan yana iya tafiya sama da kilomita 1.5, kuma yana kisa. Kafin ka harba, ka san abin da ke bayan abin da ka saita.

A ƙananan bindigogi, libarba nake so, wato mai ganga mai juyawa da harsashi, Smith & Wesson Model 10, wadda asalinta ya faro daga 1899. Ka buɗe gangarta gefe, ramuka 6 suna kallonka, babu abin da ya ɓuya. Ko akwai harsashi ko babu, idonka ne shaida. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kuskuren da aka fi yi da fistol shi ne mutum ya zare gidan harsashi ya ɗauka ya sauke bindiga, alhali guda ɗaya yana kwance cikin bututu.

Wannan dalili ne ya sa Browning Hi-Power ta shiga raina. John Browning ya fara zana ta, ya rasu a 1926 bai kammala ba, Dieudonné Saive na kamfanin FN a Beljiyam ya ƙarasa aikin, ta fito a 1935 da harsashi 13. An yi ta yadda in ka zare gidan harsashin, kunama ba za ta yi aiki ba. Masu gasa da yawa suna cire ɗan ƙarfen da ke yin wannan aiki don kunamar ta yi laushi. Ni ban taɓa tawa ba, kuma ba zan taɓa ba. Ga shi tana zama a tafin hannu daram, abin da ban samu daga Colt 1911 ba duk da sunan da ta yi.

Glock 17 ta Ostiriya, wadda ta fito a farkon shekarun 1980 da jikin roba mai ƙarfi, ba ta da gardama, ba ta cika maƙalewa ba. Amma ba ta da makullin da za ka murɗa da babban yatsa, tsaronta yana jikin kunamar kanta, don haka ba na ba sabon shiga shawarar ya fara da ita.

Dukkansu a akwatin ƙarfe suke kwana, a sauke, harsashi kuma a wani wurin daban da nasa makulli. Malam Edita, roƙona shi ne jaridarka ta riƙa ba masu farauta da masu wasan harbi na halal fili su bayyana wa jama'a yadda ake sauke bindiga, yadda ake ajiye ta nesa da yara, da abin da dokar lasisi ta tanada.

Naka,
Wani maharbi mai karanta jaridarka