Zuwa ga Habibu, a kan gilashin kyamararka

Assalamu alaikum, Habibu.

Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ya sanyin Damagaram? Saƙonka ya iso, kuma na ji takaicinka: ka sayi gilashi mai lamba 50, ka je biki, ka ja da baya har ka jingina da bango, amma rabin dangin amarya ba su shiga hoton ba. Kada ka sayar da shi, abokina. Gilashin lafiyarsa ƙalau, sensar kyamararka ce ƙarama, wato ɗan farantin nan da ke karɓar hoto a cikinta.

Ka ɗauka gilashin ido ne. Daga tsakiyarsa ka ja layi biyu, ɗaya zuwa abu na ƙarshe da ya shiga hoto a dama, ɗaya zuwa na hagu. Buɗewar da ke tsakaninsu ita ce faɗin ganinsa, kuma da digiri ake auna ta. Ita kuwa lamba 50 milimita ce, nisan cibiyar gilashin daga sensa idan an saita shi kan abu mai nisa sosai. Wannan nisa da girman sensa su ne ke yanke faɗin, ba ɗaya kaɗai ba.

A babbar sensa, mai milimita 36 da 24, girman fim ɗin da muka koyi aiki da shi, gilashin 50 yana ganin kusan digiri 40 a kwance, 27 a tsaye, 47 daga lungu zuwa lungu a karkace. Wannan na karkacen ne kamfanoni suka fi rubutawa, alhali mai jera mutane na kwancen ne damuwarsa. Sensar Nikon ɗinka faɗinta wajen milimita 23.5 ne, don haka digiri 26 kacal kake samu.

Jiya na gwada da tawa kyamarar mai babbar sensa da gilashin 50 a tsakar gida. Na auna mita 5 daga katanga, na sa yarona ya yi alama da gawayi a inda hoton ya ƙare dama da hagu, muka ja tef: mita 3.6. Kai za ka samu ƙasa da mita biyu da rabi. Mutum nawa za su tsaya a nan da babbar riga?

Don taro ka nemi gilashin 24, zai ba ka kusan mita 5 daga wannan nisa. Shi 50 ɗin ka ajiye shi don fuskar amarya, a nan ne za ka ji daɗinsa.

Ka yi awon katangar, ka turo mini abin da ka samu. A gaida Hajiya.

Naka,
Lawan