Kunnen gwamnati na jin mai suka, ba ya jin ɗan bindiga

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarku in yi magana kan abin da ya shafi duk mai waya a aljihu a Najeriya, wato dokokin da suka bai wa hukumomin tsaro ikon sauraron kiranmu da karanta saƙonninmu, da kuma yadda ake amfani da wannan iko.

Sana'ata gyaran waya ce a Kano, don haka na san abin da mutane ke ajiyewa a cikinta. Akwai hotunan iyali, da saƙon murya tsakanin miji da mata, da sakamakon gwajin asibiti, da lissafin bashin da mutum bai gaya wa ko ɗan'uwansa ba. Sau da yawa mace za ta kawo waya a canza mata gilashi, ta ƙi zama, ta tsaya a kaina har in gama ɗaure kusa ta ƙarshe. Ba na jin haushi, domin tana da gaskiya. Abin da ba ta sani ba shi ne, akwai masu iya leƙa rayuwarta ba tare da wayar ta bar jakarta ba, kuma su babu mai tsayawa a kansu.

Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba da tabbacin kare sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da hirarsa ta waya. To amma a 2019 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta fitar da ƙa'idojin tare saƙonnin sadarwa. A takarda, sai jami'an tsaro sun samo izinin alƙali kafin su kasa kunne a layin mutum. Sai dai an bar ƙofa a buɗe: idan suka ce akwai barazana ga rai, ko ga tsaron ƙasa, ko ana shirya laifi na ƙungiya, suna iya fara sauraro tukuna, su nemi izinin cikin sa'o'i 48. Abin da suka tattara za su iya ajiye shi har shekara 3. Kamfanin da ya ƙi ba da haɗin kai zai biya tarar naira miliyan 5, da ƙarin dubu 500 a kowace rana. Rahoton abin da aka yi a shekara kuwa, Babban Lauyan Gwamnatin Tarayya ake kai wa, wanda shi ma ɗan majalisar ministocin shugaban ƙasa ne. Wanda aka saurara ba za a taɓa gaya masa ba, ko da an gama bincike an ga ba shi da laifi.

Abin da ya fi damuna shi ne, wannan ba doka ce da sanatoci da 'yan majalisar wakilai suka zauna suka yi muhawara a kanta ba. Hukuma ce ta rubuta, bisa ikon da dokar sadarwa ta 2003 ta ba ta. A shekarar 2019 ɗin dai Shugaba Buhari ya ƙi sa hannu a ƙudurin dokar 'yancin 'yan ƙasa a intanet da majalisa ta aika masa. Ga kuma dokar laifukan intanet ta 2015, wadda sashe na 38 nata ya tilasta wa kamfanonin sadarwa ajiye bayanan kiranmu na shekara 2: wa ka kira, yaushe, kuma da sunan wa aka yi rajistar layin. Jami'in tsaro na iya neman waɗannan bayanai kai tsaye daga kamfani.

An kuma kashe kuɗi ba kaɗan ba. Tun 2013, zamanin Jonathan, jaridar Premium Times ta bankaɗo kwangilar dala miliyan 40 da aka bai wa kamfanin Elbit na Isra'ila don sa ido kan abin da ake yi a intanet. A ƙarshen 2020 cibiyar bincike ta Citizen Lab da ke Kanada ta sa Najeriya cikin ƙasashen da ake kyautata zaton suna amfani da kayan leƙen waya na kamfanin Circles. A ƙwarya-ƙwaryar kasafin kuɗin 2021 kuma aka ware wa Hukumar Leƙen Asiri ta Ƙasa sama da naira biliyan 4.8 don bibiyar WhatsApp da wayar tauraron ɗan'adam ta Thuraya.

Duk wannan da sunan tsaro aka yi, kuma mu 'yan Arewa mun fi kowa buƙatar tsaro, shi ya sa muka yi biyayya. Da aka ce a Disamban 2020 kowa ya haɗa layinsa da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, mun bi layi cikin sanyin hunturu tun kafin asuba, ga korona. Na ga tsohuwar da na'ura ta ƙi karɓar zanen yatsunta saboda aikin shekaru ya share shi, ana goga mata yatsun a zaninta ana sake ɗorawa. Mun ba da fuska, mun ba da yatsu goma, mun faɗi sunan unguwa. A Afrilun 2022 aka hana layuka sama da miliyan 70 kiran waya saboda ba su haɗa ba. An ce mana daga yanzu duk wanda ya ɗaga waya ya nemi kuɗin fansa, ya kama kansa.

Ya Edita, kai ma ka san abin da ya biyo baya. Waɗanda suka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari ranar 28 ga Maris 2022 sun riƙe mutane har watan Oktoba, suna ciniki, suna fitar da bidiyo. A Janairun 2024, bayan sace 'yan gida ɗaya a yankin Bwari da ke Abuja, shi kansa tsohon ministan sadarwa Isa Ali Pantami, wanda ya jagoranci haɗa layi da NIN, ya fito ya koka cewa hukumomin tsaro ba sa amfani da bayanan yadda ya kamata. Wani abokin cinikina da aka sace ƙaninsa ya nuna min wayarsa: lamba ɗaya ce ta yi ta kiransu mako bayan mako, har katin waya suka tura mata bisa umarnin masu garkuwar. Sun kai lambar inda ya kamata su kai. A ƙarshe gona suka sayar. Da gwamnati ta tashi yin wani abu game da wayar 'yan bindiga a Satumban 2021, sai ta katse sadarwar jihar Zamfara baki ɗaya, da wasu sassan Katsina da Sokoto da Kaduna, aka haɗa mai laifi da mai naƙuda da ɗan kasuwa.

Amma idan mai suka ake nema, kayan aikin ba sa gardama. Kwamitin kare 'yan jarida na duniya, CPJ, ya nuna yadda 'yan sanda suka bi bayanan kiran waya suka kai ga ɗan jarida Samuel Ogundipe a 2018, ta hanyar fara tsare abokiyar aikinsa. A Nuwamban 2022 an gano wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse, aka ɗauke shi zuwa Abuja, har ya kwana a gidan yarin Suleja, saboda saƙo ɗaya da ya rubuta a Twitter kan matar shugaban ƙasa na lokacin. Kotun ECOWAS ta yanke hukunci cewa sashe na 24 na dokar laifukan intanet, wanda aka fi kama mutane da shi, ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki. An yi masa gyara a 2024, amma ba a daina kama 'yan jarida da sunansa ba. Maƙwabtanmu na Nijar ma sun zartar da tasu dokar sauraron waya a 2020, inda izinin ke fitowa daga ofishin shugaban ƙasa, 'yan adawa kuma suka ƙaurace wa zaman.

Su kansu bayanan da muka miƙa ba a tsare su da kyau ba. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta nuna cewa akwai shafukan da ke sayar da bayanan NIN na 'yan ƙasa a kan naira 100, har ta sayi na ministan sadarwa Bosun Tijani don ta tabbatar. Wannan ya faru ne bayan an sa hannu a dokar kare bayanan sirri ta 2023. Idan na minista ya sayu, ina ga na tsohuwar da aka goga wa yatsu?

Na sha jin ana cewa wanda bai yi laifi ba, me zai ji wa tsoro? Wannan magana ba ta dace da tarbiyyarmu ba. Baƙo kan tsaya a zaure ya yi sallama, ba don maigida na ɓoye kayan sata ba, sai don gida na da hurumi. Allah Ya hana mu shiga gidan wani sai da izini a Suratun Nur, Ya kuma hana bin diddigin asirin juna a Suratul Hujurat. Ban da haka, ba kai ke yanke abin da za a kira laifi ba. Wanda ke riƙe da na'urar yau, gobe yana iya zama ɗan adawa, kuma na riga na fara ganin tasirin abin: mutane a shagona kan rage murya idan hira ta kai ga gwamna, wasu kan ce in goge musu zauren WhatsApp na unguwa don an yi maganar siyasa a ciki.

Ba na cewa a ɗaure hannun jami'an tsaro. Ina so su saurari ɗan bindiga, su kai gare shi kafin iyali su sayar da gona. Abin da nake nema shi ne Majalisar Tarayya ta karɓi wannan batu daga hannun NCC, ta yi doka a bainar jama'a bayan sauraron ra'ayoyi. Alƙali ya ga hujja kafin a taɓa layin kowa, har da bayanan kira. A riƙa bayyana wa majalisa da jama'a kowace shekara layuka nawa aka saurara, nawa suka kai ga kama masu garkuwa. Wanda aka bincika aka wanke, a sanar da shi don ya iya zuwa kotu, jami'in da ya yi amfani da na'urar don siyasa ko gabar kansa kuma a hukunta shi.

Ku ma 'yan jarida akwai naku. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ku damar rubuta wa ofishin Babban Lauyan Gwamnati ku nemi rahotannin da ƙa'idojin 2019 suka ce a riƙa kai masa. Ku nema, ku buga mana amsar da aka ba ku, ko da amsar ƙin bayarwa ce.

Naka,
Wani mai gyaran waya, Kano