Makarantu Ku Rubuta Mana Doka A Kan Fashi Da Rashin Lafiyar Yara

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya, ya aiki ya jama'a. Dan Allah a taimaka min da ɗan fili a jaridar nan in fitar da abinda yake cina a rai tun zangon karatun da ya wuce, don na yi magana a taron PTA an ce za a duba, na je ofishin hedimasta an ce in yi haƙuri, to yanzu dai na ga gara in rubuto ko Allah zai sa masu makarantu da sauran iyaye irina su gani.

Ni uba ne, yara huɗu nake da su, uku suna makaranta a nan cikin Kano. 'Yata ta biyu shekararta 8 tana aji uku a wata makarantar kuɗi ta unguwa, irin waɗanda aka maida gida makaranta ɗin nan. A satin jarrabawa wata yarinya 'yar ajinsu ta zo da ƙarambau a jikinta, ƙuraje duk sun feso mata har fuska, an lulluɓe ta da hijabi an zaunar da ita a benci ɗaya da yara uku. Daga baya da na bincika sai na ji ba wai uwar yarinyar ba ta san ciwo ba ne, ta sani sarai, cewa aka yi duk wanda bai zauna jarrabawa ba sifili za a saka masa kuma ba a sake yi wa kowa, ita kuma ta riga ta biya kuɗin zango da ƙyar, sai ta ba ta farasitamol ta turo ta. Bayan kamar sati biyu 'yata ta kwanta, daga ita sai ƙaninta, daga nan ya zagaye gidan, kuma lokacin maiɗakina tana da tsohon ciki. Duk wanda ya san ƙarambau ya san yadda ma'aikatan lafiya suke tsoronsa ga mai ciki da jariri sabon haihuwa. Wallahi kwanakin nan ban yi baccin kirki ba, sai da muka kai ta gidan iyayenta ta zauna har yaran suka warke, Allah ya taƙaita.

Ban ga laifin matar nan ba sosai, saboda ni ma na taɓa yi. Akwai ranar da yarona ya tashi jikinsa da zafi, na taɓa goshinsa na ji, amma na tuna ranar akwai gwaji kuma in ya yi fashi gobe bulala ce take jiransa a bakin get, sai na ce daure ka je. Ƙarfe goma sha ɗaya aka kawo min shi yana amai. Mu iyaye da yawa haka muke yi ba don ba ma son 'ya'yanmu ba, sai don makaranta ba ta taɓa gaya mana a fili yaushe ne ya halatta yaro ya zauna a gida ba.

Abinda nake son a duba kenan. Duk farkon zango sai an ba mu takarda, kuɗin makaranta kaza, kuɗin littafi kaza, yunifom, kayan wasanni, kuɗin jarrabawa, kuɗin fati na ƙarshen shekara, har da ranar da in ba ka biya ba za a koro maka yaro, komai a rubuce da tambarin makaranta. Amma tunda na fara kai yara makaranta ba a taɓa miƙo min ko da rabin shafi da yake cewa ga cututtukan da in yaro yana da su kar a kawo shi, ga kwanakin da zai yi a gida, ga lambar da za ka kira ka sanar, ga yadda za a yi masa jarrabawar da ta wuce shi. Babu. Kowane malami da tasa dokar, wani in ka ce yaro ba shi da lafiya ya ce Allah ya sawwaƙe shikenan, wani ya ce sai ka kawo takardar likita alhali kowa ya san yawancinmu kemis muke fara zuwa, wa zai ba ka takarda a kemis?

Kuma fa mu a Kano bai kamata a ce sai an tuna mana ba. Cutar mashaƙo da ta ɓarke daga ƙarshen 2022 ta yi ƙamari a 2023, jiharmu ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu a duk faɗin Najeriya, kuma akasarinsu yara ne 'yan shekarun makaranta waɗanda ba a yi musu rigakafi ba ko ba a kammala ba. Har sashe na musamman aka ware a asibitin Murtala saboda ita. Cuta ce da take farawa kamar ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, sai wuya ya kumbura, wani abu fari-fari mai ruwan toka ya rufe maƙogwaron har yaro ya kasa numfashi, kuma ta tari da atishawa ake ɗauka. To ka duba aji mai yara 60 ko 70 taga ɗaya, kofi ɗaya ake shan ruwa da shi a randa, yaro ɗaya ya shigo da ita me kake tsammani? Ga ƙyanda, ga hangum, ga afolo da in ya shiga aji sai ya gama da kowa, ga sanƙarau lokacin zafi musamman a makarantun kwana inda ake cusa yara a ɗaki ɗaya, ga amai da gudawa da damina. Allurar penta da ake yi wa jarirai a sati 6 da sati 10 da sati 14 tana kare mashaƙo, kyauta ake yi a asibitocin gwamnati, amma makarantu nawa ne suke cewa kawo katin rigakafi ranar da za a ɗauki yaro? Ni dai risit ɗin biyan kuɗi kawai aka taɓa tambayata. Addininmu ma bai bar mu a duhu ba, hadisi ingantacce ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya kai su cikin masu lafiya, to ina ga 'ya'yan mutane.

Amma abinda ya fi tayar min da hankali ba ƙarambau ɗin ba ne. 'Yata ta yi kwana goma ba ta je makaranta ba, kwana goma cif, ba wanda ya kira ni. Lambata tana cikin fom ɗin da na cike, tana cikin guruf ɗin WhatsApp da suke turo mana tunin biyan kuɗi, amma ko saƙo ɗaya na cewa ba mu ga wance ba lafiya? ban samu ba. Sai na zauna na yi tunani, da a ce ba ciwo ne ya kwantar da ita ba fa? da a ce ta fita da safe da jakarta da kuɗin tararta wani ya tare ta a lungu? Mu a gida muna cewa tana makaranta, su a makaranta suna cewa tana gida, sai ƙarfe biyu ko uku na rana za a farga, awa shida ko bakwai kenan, a awa bakwai mutum ya isa Abuja daga Kano. Kiran suna da ake yi da safe ba don a cika rijista a ajiye wa masu zuwa duba makaranta ba ne kawai, amfaninsa a san waye babu kuma a san me yasa babu shi tun kafin rana ta yi.

Duk mutumin Kano yana tuna yarinyar nan 'yar shekara 5 da aka sace a watan Disamba 2021 a hanyarta ta dawowa daga Islamiyya, aka zo aka gano gawarta, kuma cikin waɗanda kotu ta yanke wa hukuncin kisa a 2022 har da mai makarantar bokon da take zuwa. A lokacin gwamnati ta janye lasisin makarantu masu zaman kansu ta ce sai an sake tantance su, kowa ya yi ta kuka, iyaye suka dinga raka yara da kansu. Yau ka je bakin get ɗin makarantu da yawa lokacin tashi ka tsaya ka gani, duk wanda ya zo ya ce an aiko ni ɗaukar wane sai maigadi ya ƙwala kira yaro ya fito a tafi da shi, ba kati ba tambaya. Ɗan adaidaita sahu ya loda yara goma sha, wasu a gaba kusa da shi wasu a but, makaranta ba ta san sunansa ba ba ta san lambar kekensa ba, wani lokacin ma ba shi ne zai zo ba yaronsa zai turo.

Sai maganar makara. Na yarda a hukunta makara, ni ma an hukunta ni ina yaro, amma wannan abu na rufe get a ce wa yaro ɗan shekara 7 ko 9 koma gida, dan Allah a daina. Ba gida yake komawa ba, tsoron faɗa yake ji, sai ya tafi gidan kallo ko bakin kududdufi ko ya yi ta gararamba a titi da yunifom har lokacin tashi ya yi ya dawo kamar daga aji yake. In yaro ya iso bakin makaranta ya zama amana a hannun makaranta, a shigar da shi a rubuta sunansa, in ya maimaita sau uku a kira uban, don sau da yawa ma laifin namu ne ba na yaron ba, mu ne ba mu ba da kuɗin koko da wuri ba ko muka aike shi ɗibar ruwa. Haka koro yara saboda kuɗin makaranta da tsakar rana ba tare da an kira kowa ba, bashi tsakaninka da uba ne. Kuma tsallen kwaɗo da durƙuso a rana a watan Afrilu da zafi yake haura digiri 40, a cikin yaran nan akwai masu sikila akwai masu asma akwai masu farfaɗiya, malamin da yake riƙe da bulala bai san su ba saboda ba a taɓa tambayar iyaye ba kuma wasu iyayen suna ɓoyewa don kunya.

Nan dole in juyo kanmu. Mu ma muna da namu. Ranar kasuwa a hana yaro zuwa, biki a ɗauke yarinya sati guda, damina ta faɗi a tafi da su gona, talla da safe, sannan ƙarshen zango a zo ana faɗa da malami don yaro ya zo na ƙarshe. Wasu lambar wayar da suka bayar tun shekara uku ta daina aiki. Taron PTA kuwa in yara 400 ne a makaranta da ƙyar ka ga iyaye 30, su ma rabi sun zo ne don kar a ƙara kuɗi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBE, ta 2004 ta ce karatun shekara 9 na farko kyauta ne kuma dole ne, har ta tanadi hukunci ga uban da ya ƙi, jan kunne a karon farko, na biyu tarar naira 2,000 ko wata ɗaya a gidan yari. A Kano an ƙaddamar da ilimi kyauta kuma dole a 2019 zamanin Ganduje, sannan Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yuni 2024. Duk wannan yana cewa ka kawo ɗanka, kuma daidai ne. Amma uban da zai miƙa ɗansa yana da haƙƙin ya san me za a yi in yaron ya faɗi a aji, akwai akwatin taimakon gaggawa ko babu, wane asibiti za a nufa da shi, akwai ruwan sha, akwai banɗaki mai ƙofa, don 'yan mata da yawa da suka fara al'ada kwana uku ko huɗu suke fashi duk wata saboda rashin wurin da za su kimtsa, kuma ba za su taɓa faɗa wa malami dalili ba sai dai su sha bulalar su yi shiru.

Na san akwai manyan matsalolin da suka fi ƙarfin hedimasta, satar ɗalibai da aka yi a Chibok da Dapchi da Kankara da Jangebe da Kuriga aikin gwamnati da jami'an tsaro ne, haka ginin makarantar da ya rufta kan ɗalibai a Jos a watan Yuli 2024 ya kashe mutum 22 aikin masu duba gini ne. Wanda nake roƙo ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Takarda ɗaya ce gaba da baya, da Hausa ba da Turanci kawai ba don iyaye mata da yawa su ne suke shirya yara da safe, in da hali har da ajami, a karanta ta a taron iyaye a tura muryarta a guruf saboda waɗanda ba sa karatu. A rubuta cewa yaro mai zazzaɓi ko ƙuraje ko gudawa ko jan ido ko kumburin wuya ya zauna a gida kuma ba za a dake shi ba, za a yi masa jarrabawarsa in ya dawo ba tare da ƙarin ko kwabo ba. A rubuta cewa in an kira suna babu yaro kuma ba a sanar ba za a kira gida kafin ƙarfe tara. A rubuta sunan mutum biyu ko uku da aka yarda su ɗauki kowane yaro. In cuta mai yaɗuwa ta ɓulla a aji a gaya wa sauran iyaye a ranar ba tare da an ambaci sunan yaron ba, da an yi min haka da na ɗauke maiɗakina daga gidan tun kafin abin ya iso.

Ina kira ga ma'aikatar ilimi da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha wato SUBEB da hukumar da take kula da makarantu masu zaman kansu su sa wannan takarda cikin abubuwan da ake dubawa kafin a sabunta wa makaranta lasisi, kwamitocin al'umma masu kula da makarantun gwamnati wato SBMC su ma su ɗauka, haka malaman Islamiyya don yaranmu da yamma can suke. Ni dai na riga na rubuta tawa da hannu na buga kwafi 50, ranar Asabar ta farkon zango mai zuwa akwai taron iyaye kuma zan tsaya a bakin ƙofa in miƙa wa duk wanda ya shigo.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
Wani uba daga Kano